Dareta da Neman Likita Ɗan Gida: Jawabin Taron Shekara



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar a ba mu wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu ilmi da gogewa. Mu dai malaman firamare ne. Alli da allo muka sani, tun daga ranar da muka fito kwalejin horon malamai da takardar Giredi Tu, a zamanin da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, har ranar da muka ajiye aiki. Ba mu taɓa yi wa kowa allura ba, balle tiyata. Duk da haka da aka ce mu yi magana a kan karatun likita ba mu yi gardama ba, domin kowane likita ta hannun malamin firamare ya biyo, kuma mun daɗe muna ganin wuraren da yaranmu ke faɗuwa tun kafin su hango ƙofar jami'a. Abin da muke son mu bar muku a yau guda ɗaya ne: samun likita ɗan gida aikin shekara ashirin ne, kuma in ba mu ne muka ɗauki nauyinsa ba, babu wanda zai ɗaukar mana.

Darasin shekarar 2010

Ba ma son tayar da tsohon miki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya ji sunan Dareta a wajen Zamfara, yawanci ta dalilin gubar dalma ya ji shi.

Mun san yadda abin ya faro. Farashin zinari ya tashi a kasuwannin duniya, matasanmu suka karkata ga haƙar duwatsu, aka riƙa kawo su cikin gari ana fasawa, ana niƙawa da irin injin da muka saba kai dawa da gero, ana dakawa a turmi a tsakar gida, ana shanyawa a inda yara ke rarrafe. Babu wanda ya san cewa duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta sauka a ƙasa, a kwanon abinci, a bakin rijiya. Yaro ƙarami kuwa komai ya taɓa sai ya kai baki, kuma jikinsa ya fi na babba saurin zuƙe dalma. In ta yi yawa a jini sai ta taɓa ƙwaƙwalwa: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, sa'an nan mutuwa. Tun kafin abin ya tsananta a kan yara, agwagi suka fara ƙarewa a gari, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Muka yi ta kai yara maƙabarta muna cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wasu su ce sanƙarau, wasu su ce iska. Sai a watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan annobar sanƙarau, suka lura mace-macen yara ya wuce misali. Suka ba da maganin zazzaɓi da na sanƙarau, babu sauƙi. A nan ne horon likita ya yi aikinsa, domin suka tambayi kansu: me ya sa magani bai kama ba, kuma mene ne ya canza a ƙauyukan nan? Suka ga injinan niƙa a cikin gari, suka ɗebi jinin yara aka kai ɗakin gwaje-gwaje a Turai, sakamako ya nuna dalma ce.

A watannin Mayu da Yuni na wannan shekara, masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da jami'an lafiya na tarayya da na jiha, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma ta Bukkuyum. Suka samu cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Yaro ɗaya ke nan a cikin kowane huɗu. Daga cikin yaran da aka auna jininsu kuwa, kashi 97 cikin ɗari dalmar da ke jikinsu ta kai matakin da dole a ba su maganin fitar da ita, har wasu ma ta wuce iyakar abin da na'urar awon ke iya nunawa. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 aka rasa a yankin baki ɗaya.

Maganin da ake ba yaro ba ya amfani in zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, saboda haka sai da aka kankare saman ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare ta. Ƙungiyar MSF ta yi fiye da shekara goma tana wannan aiki daga Anka, ta auna yara fiye da 8,000, kafin ta miƙa shi ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara a farkon 2022.

Muna roƙon Allah Ya saka wa duk wanda ya taimake mu, baƙo da ɗan gida. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mana rai. Wata nawa muka yi muna binne yara kafin wani mai horon likita ya zo ya dube su? Da a ce akwai ɗanmu ko ɗiyarmu likita, mai zuwa gida, mai shiga har ƙuryar ɗaki ya gaida iyayensa mata, wanda ya san bara babu injin dutse a unguwa bana kuwa akwai, ashe ba a sa ran ya yi wannan tambaya da wuri ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙi sun yi nasu sun tafi, ramukan zinari kuwa suna nan, kuma a 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ke nan ba abu ne da ya wuce ba ya dawowa ba.

Waɗanda suka riga mu

Kada wani ya ce aikin likita ya fi ƙarfin ɗan ƙauye, ko kuma baƙon abu ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magunguna duk da nauyin mulki da ke kansa. A likitancin zamani kuwa, ɗan Arewa na farko da ya zama likita shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya fara karatu a Wusasa ta Zariya, ya wuce Ikko, ya ƙare a Jami'ar Birmingham ta Ingila. Sunansa ne asibitin koyarwa na Jihar Kaduna ke ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a Anchau aka haife shi. Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya, wanda ya kammala a Ibadan a 1965, ɗan Song ne ta Adamawa. Babu ɗayansu da aka haifa a babban birni.

A zamaninsu sai mutum ya tafi Ibadan ko ya ƙetare teku. Yau an kawo mana abin kusa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita a 1967. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, yanzu Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana da kwalejin kimiyyar lafiya da asibitin koyarwa. Jami'ar Bayero tana horar da nata ɗalibai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Bugu da ƙari, tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, Zamfara kuwa tana cikinsu. Ƙofa a buɗe take. Abin tambaya shi ne yara nawa muke kaiwa bakinta.

Tsawon hanyar

Bari mu zayyana hanyar daki-daki, domin iyaye da yawa suna cewa suna son ɗansu ya zama likita ba tare da sun san abin da ke gabansa ba.

Bayan firamare shekara shida, sai sakandare shekara shida. A aji huɗu na sakandare ne ake yanke hukuncin da yawancin iyaye ba su san an yanke ba, wato raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Yaron da bai shiga ajin kimiyya ba, maganar likita ta wuce shi tun yana ɗan shekara goma sha biyar. A jarrabawar WAEC ko NECO ana buƙatar kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓa ga mai neman likitanci sai in a zama ɗaya ya same su. Sa'an nan sai jarrabawar JAMB, inda zai rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a kan maki 400. Tun daga 2015 a kwamfuta ake yin ta baki ɗaya. Ku duba halin yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara zama gaban kwamfuta. Kuma da yake majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gurabun kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Wanda makinsa bai kai ba kada ya yanke ƙauna, akwai makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, inda zai ƙara shiri ya sake gwadawa.

A jami'a shekara shida ce kafin a sami digirin MBBS. Shekarar farko maimaita kimiyya ce da zurfi. Daga ta biyu zuwa cikin ta uku ana karanta ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran da ke gudana a cikin jiki. A nan ne ɗalibi zai tsaya a kan gawa ya koyi kowace jijiya da kowane ƙashi, kuma ya kamata iyaye su san da haka tun farko don kada abin ya zo musu ba zato. A ƙarshen wannan zango akwai babbar jarrabawa wadda ta fi kowace kayar da ɗalibai, wanda ya kāsa bayan an ba shi damar maimaitawa sai a mai da shi wani sashe. Wanda ya haye sai ya koma asibitin koyarwa, ya karanci cututtuka da magunguna, sa'an nan ya riƙa bin manyan likitoci gado-gado a ɗakin yara, da ɗakin haihuwa, da ɗakin tiyata, da na manya. Akwai kuma darasin kiwon lafiyar al'umma, inda ake tura ɗalibai ƙauye su zauna su ga ruwan da mutane ke sha da sana'ar da suke yi. Irin wannan ilmi ne ya gano mana dalma.

In ya kammala, za a rantsar da shi a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, wata uku-uku a sassa huɗu, kafin a ba shi cikakken lasisi. Daga nan sai shekarar bautar ƙasa. Mu yi lissafi irin na aji uku: shida, da shida, da shida, da ɗaya, da ɗaya, ashirin ke nan. Yaron da aka sa aji ɗaya yana ɗan shekara shida, sai ya kai ashirin da shida kafin ya tsaya da ƙafarsa, in ba a sami tsaiko ba. Tsaiko kuwa ana samu, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Wanda kuma ke son ya ƙware a fanni ɗaya, kamar yara ko mata ko tiyata, sai ya ƙara shekara biyar ko shida yana aiki yana jarrabawa a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma.

Ga 'yan'uwa masu hali da ke tunanin tura yaro ƙasar waje, muna ba da shawarar a yi bincike sosai. Duk wanda ya yi karatun likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci a Nijeriya. Kuma mun ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 suka katse wa ɗalibanmu da yawa karatu a tsakiya, aka kwaso su suka dawo suna neman inda za su ƙarasa.

Inda muke faɗuwa

Mu da muka yi shekaru a aji muna shaida cewa yaranmu ba su rasa ƙwaƙwalwa ba. Muna tuna wani yaro da muka koyar, wanda tun yana aji biyar yake gama lissafi kafin mu gama rubuta shi a allo. Ya ci jarrabawar shiga sakandare, amma babu kuɗin tafiya, babu kuma gidan da zai sauka a birni. Muka je wurin mahaifinsa har sau biyu, ya ce da mu: "Malam, ba ƙi nake ba, amma wa zai riƙe mini shi a can?" Ba mu da amsa. Bayan damina yaron ya bi sa'o'insa ramin zinari. Har yau in muka haɗu yakan durƙusa ya gaishe mu, mu kuwa kunya ke kama mu, domin abin da ya hana shi bai fi tabarma da kwanon tuwo a gidan ɗan'uwa ba.

Akwai kuma waɗanda suka shiga sakandare, suka shiga ajin kimiyya, amma suka gama ba su taɓa ganin malamin Fiziks ba, ɗakin gwaje-gwaje kuwa suna ne kawai a jikin ƙofa. Rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula al'amari. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 an rufe makarantu, iyaye suka tsorata, kuma babu mai ganin laifinsu. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma Anka da wasu garuruwa, karatun yara ya tsaya.

Amma kada mu ɗora komai a kan talauci da 'yan bindiga, akwai namu sakaci. A watan Afrilun 2018 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana cewa, a lokacin da ta yi sanarwar, yara 28 kacal aka yi wa rajistar jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya daga Jihar Zamfara gaba ɗaya, alhali ɗaya daga cikin kwalejojin nan sunan Anka take ɗauke da shi. Kuɗin rajistar nan bai kai abin da wasunmu ke kashewa a katin waya ba.

Maganar 'ya'ya mata kuwa ta fi kowace muhimmanci. Kowannenmu ya san matar da ta ɓoye ciwonta har ya yi tsanani don ba ta iya faɗa wa namiji. Kowannenmu yana son in ya kai iyalinsa asibiti ya tarar da likita mace. To, ɗiyar wa za ta yi karatun? A 2010 a tsakar gida gubar take, a wurin mata da yara, inda baƙo namiji ba ya shiga sai da izini. Likita mace 'yar gari babu ƙofar da za a rufe mata.

In sun gama, za su dawo?

Wani zai ce: mu sha wahala mu horar da yaro, ya gama ya tafi Saudiyya ko Ingila, ina ribarmu? Tambaya ce mai kyau. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a Nijeriya kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar a cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma yawancinsu suna manyan birane.

Ba za mu zagi wanda ya tafi ba, kowa da uzurinsa, kuma ba adalci ba ne mu ce wa ɗanmu ya zauna inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Amma abin da muka gani a rayuwa shi ne, yaron da gari ya riƙe ba ya manta gari, wanda kuwa ya yi fafutukarsa shi kaɗai ba mu da bakin ce masa ya dawo. Kuma dawowa iri-iri ce. Wanda ya yi aiki a babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum, ya dawo. Wanda ke Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, yana karɓar mutanenmu in an turo su, yana yi musu bayani da harshen da suke ji, shi ma ya dawo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sa'an nan likita ba ya aiki shi kaɗai. Yaron da bai sami gurbin likitanci ba, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Gusau, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe. Ungozoma ɗaya a ƙauye tana ceton rayukan da ba a ƙirgawa. Kada mu sa yaro ya ji ya fāɗi don ya zama nas ko mai gwajin jini.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Na farko, a kafa ƙaramin kwamitin ilmi wanda zai haɗa hannu da hedimastocinmu, a riƙa zaƙulo yara masu hazaƙa tun daga aji biyar, maza da mata daidai, a biya musu kuɗin jarrabawar shiga sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, kuma wannan ku ne kaɗai za ku iya, ku mazauna birane: kowane gida da ke da hali ya ɗauki riƙon yaro ɗaya daga gida, ya sa shi makarantar da ke da malaman kimiyya tare da nasa 'ya'ya. Riƙo al'adarmu ce, da yawa daga cikinmu a gidan kawu ko gwaggo muka yi karatu. A halin da ake ciki na rashin tsaro, wannan ita ce hanya mafi kusa, musamman ga 'ya'ya mata, waɗanda iyayensu ba za su sake su ba sai ga hannun da suka sani.

Na uku, a buɗe asusu na musamman don karatun lafiya, dabam da na bukukuwa da gaisuwar rasuwa. In mutum 100 daga cikinmu kowa ya ba da naira 2,000 a wata, a shekara mun tara naira 2,400,000. A riƙa karanta lissafinsa a wannan taro, a kuma buga shi a wannan mujalla, domin abin da ke kashe asusun ƙungiya shi ne rashin bayani. Kwamiti ya kuma taimaka wa ɗalibanmu wajen neman tallafin karatu na jiha, da bashin karatu na gwamnatin tarayya wanda aka fara bayarwa a 2024.

Na huɗu, duk ɗalibin da asusu ya ɗauka a yi yarjejeniya da shi a rubuce, a gaban iyayensa, cewa in ya gama zai yi wa yankin nan hidima na wasu shekaru gwargwadon yadda hali ya ba da, kuma zai ɗauki nauyin wani yaro a bayansa.

Na biyar, 'yan'uwanmu da ke aikin lafiya a birane, kowa ya riƙe ɗalibi ɗaya yana bibiyarsa, yana kiransa gab da jarrabawa. Shekara shida a makarantar likita tana da tsawo, kuma sau da yawa abin da ke kayar da yaro kaɗaici ne da yunwa, ba wuyar littafi ba.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune a baya, in kuɗi kuke nema da gaggawa, wannan ba hanyarku ba ce. Sa'o'inku za su yi aure su gina gida kuna nan kuna kwana a ɗakin marasa lafiya. Amma in kuna da haƙurin karatu da tausayin mutane, ku riƙe Lissafi da Turanci tun yanzu, ku kuma zo ku faɗa wa kwamiti, kada kunya ta hana ku.

Kammalawa

Jama'a, yaran da aka goya zuwa asibiti a 2010, waɗanda Allah Ya yi da sauran kwanansu, yau sun zama samari da 'yan mata. Wasu gubar ta bar musu tabon da za su rayu da shi, kuma haƙƙinsu ne mu kula da su. Wasu kuwa suna nan lafiya, sun kai shekarun rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Muna roƙon kwamiti ya fara da su, ya nemo su gida-gida kamar yadda aka nemo su a wancan lokaci don a auna jininsu, a ga wa ke makaranta, wa ya bari, wa kuma za a iya mayarwa.

Mu da muka haura sittin ba lalle ne mu ga ranar da za a rantsar da yaron da za a sa aji ɗaya bana ba. Wannan bai dame mu ba, domin mu ma inuwar da muka sha ba mu ne muka dasa itatuwanta ba. Fatanmu shi ne in an dawo taron baɗi, sakatare ya tashi ya karanta mana sunayen yaran da aka ɗauka da gidajen da suka karɓe su.

Allah Ya jiƙan yaranmu da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Anka, Gummi, Bukkuyum da Zamfara baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. In mun yi kuskure a gafarce mu.